Ta'aziyyar Janiba a Gidan Soumaïla Direba

Duk wanda ya taɓa shiga motar Malam Soumaïla a Paris ya san ba ya sa waƙar kowa sai ta mace guda. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa manyan wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa zauren taro, kuma jakadu da daraktocin da suka zauna a bayansa duk sun sha muryar Geneva Tolliver, ko suna so ko ba sa so. Baƙar fata ce ta Amirka, mai irin waƙar nan da ake kira sol. Sunanta ya yi wa harshensa nauyi, sai ya mai da ita Janiba, kuma da wannan sunan Hausawan unguwannin Sevran da Barbès suka san ta. Akwai waɗanda har yau ba su san tana da wani suna ba.

Soumaïla mutumin Damagaram ne, a unguwar Zango aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha tara yana bin wata babbar mota mai kai gero Agadas, suka tarar da wani Bature motarsa ta mace kusa da Tanout. Suka ɗaura mata igiya suka ja shi har gari. Da za su rabu Baturen ya miƙa wa direban kaset guda. Direban ya sa, ya saurara kaɗan, ya ce wannan matar ciwon ciki take yi, ya zare ya jefa wa Soumaïla. Shi kuwa tun daga muryar farko ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Bai san kalma ko ɗaya ta Ingilishi ba, makarantar lakwal da ya yi ta Faransanci ce, ita ma aji biyar ya tsaya. Amma ya rantse ya fahimci duk abin da take faɗa. Tunda bai iya karanta sunayen waƙoƙin ba, sai ya raɗa masu nasa. Akwai Ta Hanyar Agadas, akwai Mai Ganga, wadda ba ya iya jin ta a zaune, akwai Ta Safiya.

Akwai kuma ta uku a bayan kaset ɗin, mai sanyi, wadda Janiba ke farawa kamar tana raɗa sannan a hankali muryar ta cika ɗaki. Da ita ya je zance wurin Fatimata. Shi ba gwanin magana ba ne, don haka ya aro rediyo mai kaset, ya ajiye kan tabarma a ƙofar gidansu, ya danna, ya ce mata abin da bakinsa ya kasa faɗa, ga wannan baiwar Allah za ta faɗa mata. Fatimata ta saurara har ƙarshe tana wasa da bakin mayafinta. Wata bakwai bayan haka aka ɗaura aure, waƙar kuwa ta zama Ta Fatimata. An sa ta ranar biki, an sa ta ranar sunan kowane ɗaya daga cikin ƴaƴansu huɗu. Ranar da Fatimata ta sauka Paris, bayan shekara uku da wani maigida da yake yi wa tuƙi a Yamai ya taho da shi aiki, ita ce ke tashi a motar da ya ɗauko ta.

Da ya yi ritaya sai ya zama mutumin unguwa. Gidansu hawa na shida ne a Beaudottes, cikin Sevran. Da safe ya sauka ya sayo burodi, ya tsaya gardamar ƙwallo da wani tsoho ɗan Mali, Laraba da Asabar kuma ya hau jirgin ƙasa na RER zuwa Barbès ya zauna shagon wayoyin amininsa Alhaji Muntaka, Bafulatanin Dakoro. Shi Soumaïla jinin Barebari ne, saboda haka wasan da ke tsakanin kakanninsu ya biyo su har ƙarƙashin gadar jirgin metro, kuma a shekara ashirin da biyar ba su taɓa yin hirar minti goma ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Wata Talata da hantsi, cikin watan Afrilu, yana wurin mai kifi yana duba idon wani kifi, wayarsa ta yi ƙara. Autarsa ce Hibatullah, wadda ke koyar da Ingilishi a wata kwalej a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Ba ta saba kira a lokacin aiki ba. Ta gajarta gaisuwa, ta tambaye shi ko a zaune yake, sannan ta gaya masa Janiba ta rasu jiya a gidanta, cikin barci, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ta ce ba ta so ya fara gani a tele.

Ya gode mata, ya kashe wayar, ya tafi ya bar kifin kan sikeli mai kifin na kiransa. Da ya shiga gida Fatimata ta dubi fuskarsa ta saki cokalin da ke hannunta, ta fara jero sunayen tsofaffin Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Da ya faɗi ko wacece sai ta sauke ajiyar zuciya, har ta buɗe baki za ta yi masa faɗan ya tsinka mata zuciya a banza. Ta ga ya zauna da hularsa a hannu yana kallon bango, sai ta fasa. Ta zuba masa abinci bai ci ba.

Alhaji Muntaka ne ya ɓallo ruwa. Da labarin ya iso masa, ya ɗauki wayarsa ya yi saƙon murya zuwa rukunin ƴan Nijar mazauna Paris, mutum sama da ɗari biyu. Ya gyara murya irin ta mai sanarwar rediyo, ya ce ana sanar da ƴan uwa rasuwar Janiba ta Malam Soumaïla, za a karɓi gaisuwa ranar Asabar a gidansa na Sevran, hawa na shida. Waɗanda suka sani suka yi ta turo dariya. Waɗanda ba su sani ba suka fara shiri.

Asabar tun ƙarfe goma aka fara buga ƙofa. Ta farko wata dattijuwa ce ƴar Tawa, ta hau jirgi biyu daga Saint-Denis da tukunyar dambu a naɗe cikin zane. Tun daga bakin ƙofa ta kama hannun Fatimata tana hawaye, tana tambaya yayar maigida ce ko ƙanwarsa, ƴaƴa nawa ta bari, an samu kai ta gida ko a nan za a rufe. Fatimata ta shigar da ita kicin ta yi mata bayani a hankali. Tsohuwar ta share idonta, ta ce to ai rai rai ne, kuma dambun ba zai koma Saint-Denis ba.

Soumaïla da farko ransa ya ɓaci. Ya kira Muntaka ya gaya masa Fulani dai ba su da kunya ko ta sisin kwabo, Muntaka ya ce yana cikin jirgi, ya tanadar masa kujera mai kyau. Amma kafin azahar ɗakin zama ya cika, takalma sun yi tsibi a ƙofa, kuma Soumaïla ya lura da wani abu: mutanen da suka shigo da murmushi a baki, da sun zauna gabansa suka ce ya haƙuri, sai murmushin ya tafi. Tsofaffin direbobi abokan aikinsa sun zo. Ɗan Malin nan na gardamar ƙwallo ya zo. Sai ya shiga ɗaki ya sa farar babbar riga, ya fito ya zauna tsakiya, ya riƙa amsawa da haƙuri sai ma'abocinsa, kamar yadda ake yi. Wani matashi mai son nuna karatu ya ɗaga maganar ko ya halatta a zauna makokin wadda ba musulma ba. Muntaka, da bakinsa cike da dambu, ya ce su ba wurin Janiba suka zo ba, wurin wannan tsohon Babarbaren suka zo, kuma ba a taɓa hana ce wa mai rai Allah ya ba shi haƙuri ba.

Daga nan aka roƙe shi ya ba da labarin ranar da ya ɗauki Janiba a motarsa, ko da yake yawancinsu sun ji shi sau goma. A 1996 ƙungiyarsu ta shirya wani bikin tara taimako, aka gayyato Janiba, aka rasa wanda zai ɗauko ta daga otal sai shi. Ya kwana uku yana tsara abin da zai ce mata. Da ta fito sai ya ga ƴar gajeruwar mata mai tabarau, tana ɗingishi kaɗan. Ya buɗe mata ƙofa, maganar da ya tsara duk ta gudu. Tana zama ta cire takalmanta, ta murza ƙafafunta da suka kumbura, kafin su kai mahaɗa ta biyu barci ya kwashe ta. Tafiyar minti goma sha biyar ce. Soumaïla ya dube ta ta madubi, ya ga gajiyar da ke fuskarta, sai ya karya kan mota ya bi bakin kogin Seine a hankali, ya haye wata gada, ya dawo ta wata, ya sake zagayawa. Minti hamsin ya ba ta. A bakin zauren ya tarar da shugaban tsare-tsare yana tsalle kamar an zuba masa garwashi, kuma washegari aka ba shi takardar gargaɗi, ita kaɗai a duk shekarun aikinsa. Bai karɓi sa hannunta ba, bai ɗauki hoto ba. Da za ta fita dai ta dafa kafaɗarsa ta faɗi wani abu, bai san ko mene ne ba.

Ana cikin wannan Hibatullah ta kira ta bidiyo, ta ga ɗakin iyayenta maƙil da mutane, ta yi dariya har wayar na rawa. Sannan ta ce su ma a cibiyar unguwarsu za su yi zaman tunawa da mawaƙiyar Asabar mai zuwa da rana, ita da wani abokin aikinta Amine suke shiryawa, kuma ba ta san wanda ya fi Baba cancantar ya yi magana ba. Ya ce shi ba ɗan jawabi ba ne. Fatimata ta ce za su zo.

Ranar suka hau jirgi a tashar Gare de Lyon, awa biyu suna Lyon. Ya riƙe jakar kaset da faifai a cinyarsa duk tafiyar, ya ƙi a ɗora ta sama. Hibatullah ta tarbe su, suka shiga metro, suka ƙarasa da bas. Zauren ba babba ba ne, kujerun roba ne kamar sittin, an ajiye shayi da biskit a kan tebur. Akwai tsofaffin ƴan Aljeriya da suka yi rawa da waƙoƙin a ƙuruciyarsu, akwai wasu mata ƴan Martinique da suka zo da huluna kamar za su coci, akwai malamai da ɗalibai.

Da aka kira shi ya miƙe cikin babbar rigarsa, ya ba da labarin Baturen Tanout da na zagayen Seine da Faransancinsa na direba, mutane suka ji daɗi. Ganin haka sai bakinsa ya buɗe. Ya ce yanzu zai sa masu waƙar soyayya da babu kamarta a duniya, wadda da ita ya samu matar da ke zaune can a layin gaba. Aka juya aka dubi Fatimata aka tafa. Hibatullah kuwa ta daskare a kujerarta, don a lokacin ne ta ga Amine yana kunna na'urar da ke haska rubutu a bango. Shi ya yi wannan dabarar don ya kyautata, ya nemo fassarar waƙoƙin da Faransanci saboda tsofaffi su bi. Ta yi masa alama da hannu, shi kuma ya ɗauka jinjina take yi masa, ya ɗaga mata babban yatsa.

Janiba ta fara da raɗar nan tata, rubutu ya fito a bango layi bayan layi. Mace ce ke gaya wa namiji ta gaji da ƙaryarsa. Ta haɗa masa akwatinsa. Takalmansa suna waje, kuma ana ruwa. Ya ajiye mata makullinta a kan tebur kafin ya fita. A wurin da muryar ke tashi ta cika ɗaki, wurin da Soumaïla ya saba lumshe ido ya dafa ƙirji, cewa take tun farko uwarta ta gaya mata shi ba mutumin kirki ba ne.

Zauren ya yi tsit irin na mutanen da ke danne dariya. Ɗaya daga cikin matan Martinique ta rufe fuska da hularta. Soumaïla yana tsaye yana karantawa, leɓɓansa na motsi. Fatimata ba ta saurin karanta Faransanci, ta taɓo ƴarta ta ce ta gaya mata da Hausa. Hibatullah ta sunkuya ta raɗa mata. Fatimata ta fara da girgiza kafaɗa, sannan dariyar ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana share hawaye da mayafi, zauren duka ya samu izini ya bi ta.

"Malam, ni fa tun ranar tabarmar nan na san matar nan faɗa take yi," ta ce da ta samu numfashi. "Mace ba ta jan murya haka sai an ɓata mata. Na ga dai ka aro rediyo, ka sa sabuwar riga."

Ya juya wurin ƴarsa ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun tana shekara goma sha biyu. Waƙoƙin nan ne suka sa ta son Ingilishi, kuma wannan ce ta farko da ta zauna da ƙamus ta warware, tana so ta kawo masa ya yi murna. Da ta gama sai ta yaga takardar.

"Baba, da ka ga yadda kake kallon Mama in ana sa ta, kai ma ba za ka faɗa ba."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗauki abin magana, ya gaya wa jama'a da Faransanci cewa ashe shekara arba'in ana yi masa kashedi a gidansa bai sani ba, amma alhamdu lillahi har yau takalmansa a ciki suke kwana. Aka tafa masa fiye da na farko.

Don ya wanke kunyarsa sai ya ce wa Amine ya sa Mai Ganga, wannan kam ko me take faɗa ta rawa ce. Kiɗan ya tashi, tsofaffin Aljeriya suka fara kaɗa ƙafa, shi ma kafaɗarsa ta fara motsi. Rubutu ya fito. Janiba na ba da labarin uwarta ne, mai wankau a gidajen mutane, wadda ta rasu ita tana wani gari mai nisa tana waƙa. Saƙo bai same ta ba sai bayan an rufe. Tana cewa a buga gangar da ƙarfi, don in aka sassauta za ta faɗi.

Kafaɗar Soumaïla ta tsaya. Tasa mahaifiyar ta rasu a Zango a 1999, yana wani taro a Geneva da maigidansa, kuma sai da ya dawo Paris bayan kwana huɗu ya tarar da saƙon. Bai taɓa yin maganar da kowa ba, ko da Fatimata. Ya laluba kujera ya zauna. Duk kwanakin nan, da ranar da labari ya zo da ranar da aka cika gidansa, hawaye bai zo masa ba, sai a nan, gaban baƙi sittin, ganga na tashi. Fatimata ta matso da kujerarta ta riƙe bakin rigarsa. Ba wanda ya kashe waƙar, aka bar ta ta kai ƙarshe.

Washegari Lahadi, bayan sun karya, ya zauna da Hibatullah a teburin kicin ɗinta, ya sa ta fassara masa waƙoƙi da Hausa yana rubutawa a wani ɗan littafi. Ta Safiya ta fito ta safiya ce da gaske, abin da ya faranta masa rai ƙwarai, ya kira Fatimata ta zo ta shaida. Da suka kai ta biyar ya rufe littafin, ya ce ya isa haka, ba zai yiwu mutum ya riƙa jin magana ta bakin ƴarsa ba har abada.

Kafin jirginsu ya iso Paris wani ya riga ya tura bidiyon zauren cikin rukunin ƴan Nijar. Laraba da ya shiga shagon Barbès, Alhaji Muntaka ya taso da ladabi, ya duƙa ya duba ƙafafunsa, ya tambaya ko sun bushe.

Da kaka ta shigo, Soumaïla ya sa sunansa a ajin Ingilishi na tsofaffi da ake yi kowace Alhamis da la'asar a cibiyar unguwarsu ta Sevran. A layin gaba yake zama, da tabarau da biro biyu. Malamar ta ce kunnensa na da kyau, sai dai yana jan kowace kalma kamar zai rera ta, ko lambar bas aka tambaye shi. A mako na uku Fatimata ta ce zaman gida ya ishe ta, ta bi shi. A gwajin da aka yi masu kafin hutun Disamba ta samu goma sha shida cikin ashirin, shi goma sha ɗaya. Ya gaya wa Muntaka malamar ce ke son kai, mata suna goyon bayan junansu.